Yadda Na Koyi Rina Naman Fata da na Mama a Wani Ɗakin Gwaji a Legas

Lokacin da aka mayar da ni sashen binciken nama na ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki a Legas, aikin da shugabar sashen ta ɗora mini shi ne in tsayar da rinin furotin guda uku waɗanda likitocin sankarar mama suke yawan tambaya, wato p63 da GATA3 da kuma mai karɓar istirojin, sinadarin da ke tafiyar da balagar mace, wanda kowa a wurin aiki yake kira ER. Kafin wannan lokaci rini iri ɗaya muke yi, na shuɗi da ruwan hoda, wanda siffar nama kawai yake nunawa, duk mara lafiyar da ta buƙaci ƙarin bincike kuwa sai a tura namanta wani ɗaki a zauna jira. Sharaɗin farko da shugabar ta gindaya mini shi ne kada in taɓa naman mara lafiya ko ɗaya sai na samo gutsuren fata lafiyayya da gutsuren mama lafiyayye, na gwada rinin a kansu, likitan binciken nama ya duba ya amince. Dalilin neman naman mama a fili yake, amma na fata sai da ya mayar da ni kan littattafan halittar ɗan tayi waɗanda na rufe tun ina makaranta.

Mama reshen fata ne. Ɗan tayi a makonninsa na farko shimfiɗu uku gare shi, kuma shimfiɗar waje ita ce ke haifar da saman fata da gashi da farce da ƙyallin haƙori da jakunkunan gumi, ita ce kuma ke haifar da bututun nono. A cikin wata na biyu na ciki, fatar ɗan tayi takan ɗan yi kauri ta ja layi a kowane gefe na jikinsa, daga hammata zuwa matsematsin cinya. A ɗan Adam layin yakan shafe sai wuri ɗaya a kowane gefen ƙirji, inda ƙwayoyin halittar fata suke taruwa su nutsa ciki su zama tushen mama, a ɓera kuwa wurare biyar ne ke saura a kowane gefe. Shi ya sa ake samun mutane, maza da mata, masu ƙarin kan nono a ƙasan ƙirji, wanda sau da yawa ake ɗauka tawadar Allah ce. Abin da ke buƙatar bayani shi ne, ƙwayar da ke saman fata da ƙwayar da ke cikin bututun nono DNA ɗinsu ɗaya ne harafi da harafi, amma ɗaya ta ƙare a matsayin busasshiyar garkuwa mai hana ruwa fita daga jiki, ɗayar kuma ta zama mai iya haɗa nono.

DNA ɗin mutum yana da haruffa kimanin biliyan 3, a cikinsu akwai saƙonnin gado wajen 20,000, waɗanda aka fi sani da ƙwayoyin halittar gado, kowanne ɗauke da umarnin haɗa wani furotin. Babu ƙwayar halittar da ke karanta su duka. Akwai wasu furotin na musamman, kimanin 1,600 a jikin mutum, waɗanda aikinsu shi ne su shiga cibiyar ƙwaya su nemi gajeren jerin haruffa a jikin DNA su liƙe masa, daga nan ko dai su jawo sinadarin da ke kwafar saƙon zuwa RNA, ko kuma su tare masa hanya. Su ne furotin masu sarrafa saƙonnin gado, kuma duka ukun da aka ba ni in rina daga cikinsu suke. GATA3 ma ya samo sunansa ne daga haruffan da yake nema a jikin DNA, wato G da A da T da A. Lamarin ya yi kama da makarantar allo, inda littafin ɗaya ne ga kowa, amma malam ne ke faɗa wa kowane almajiri inda zai rubuta a allonsa, idan ya biya ya wanke, ya koma ya sake rubutu. RNA shi ne rubutun allon, domin ba ya daɗewa ake rushe shi, don haka muddin ana so ƙwaya ta ci gaba da zama ƙwayar fata, dole masu sarrafawar su ci gaba da zama a kan aikinsu. François Jacob da Jacques Monod ne suka fara bayyana wannan tsari a Faransa a 1961 ta hanyar nazarin yadda bakteriya ke buɗe saƙon narkar da sukarin madara, a 2006 kuma Shinya Yamanaka na Japan ya nuna cewa furotin huɗu kacal daga cikin masu sarrafawa sun isa su mayar da ƙwayar jikin ɓera ta koma irin ta ɗan tayi. Ni dai abin da wannan ilimi ya amfane ni da shi a kan teburin aiki abu ne mai sauƙi: tunda a kan DNA suke aiki, launin da nake nema dole ya fito a cikin cibiyar ƙwaya, duk launin da ya fito a wajenta ba a ƙirga shi.

Aikin yana farawa ne tun daga kantar karɓar kwalabe. A Legas ƙananan asibitoci da yawa dangin mara lafiya suke miƙa wa naman da aka cire su kai ɗakin gwaji da kansu. Wata rana bayan la'asar wani dattijo mai harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12 ya shigo rungume da bokitin roba a cikin leda, ya ji ina amsa waya da Hausa, sai ya saki fuska ya ce, "Ɗana, ashe namu ne a nan?" Na ce, "Na'am Baba, sannu da zuwa, ya mai jiki?" Matarsa ce aka cire wa mama da safe a wani asibiti ta wajen Ikorodu, shi kuma cunkoson motoci ya riƙe shi a hanya rabin yini. Na tambaye shi ƙarfe nawa aka fito da naman daga ɗakin tiyata, kuma tun yaushe aka zuba masa ruwan magani. Ya ce, "Wallahi ɗana, ni dai an miƙo mini an ce in kawo, ban ma buɗe ba." Da na buɗe, sai na tarar da maman ɗungurungum ba a tsaga shi ba, fomalin ɗin da aka zuba kuma, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, ko rabinsa bai rufe ba.

Dalilin wannan tambaya shi ne, daga lokacin da aka yanke wa nama jini, sinadaran da ke cikinsa suke fara narkar da shi, kuma furotin ɗin da ke cikin cibiya irin su ER suna cikin waɗanda ke saurin lalacewa. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin sankara da ta likitocin binciken nama na Amurka suka fitar a 2010, wadda ɗakunan gwaji da yawa a duniya suke bi, ta ce a saka naman cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 kafin awa ɗaya ta cika, ya zauna a ciki aƙalla awa 6, kada kuma ya wuce awa 72. Fomalin yana ratsa nama ne a hankali, kimanin milimita ɗaya a awa, yana rage sauri yayin da yake nutsawa, mama kuwa kitse ne mafi yawansa. Idan ba a tsattsaga shi falle-falle ba, gefensa zai kamu, tsakiyarsa kuma, inda galibi ƙarin yake, ta ci gaba da ruɓewa a cikin zafin Legas. Nan take likitan binciken nama ya sa safar hannu ya tsaga shi, muka mayar da shi cikin sabon fomalin mai yawa, washegari ya zaɓo gutsattsari daga bakin ƙarin da kuma tsakiyarsa, ya haɗa da fatar da ke samansa.

Abin da ke biye aikin inji ne na dare guda. Ana tsane ruwan naman da alkohol mataki-mataki, a wanke alkohol ɗin da wani ruwan sinadari mai suna zailin, sannan narkakken kaki mai zafin digiri 60 ko kusa da haka ya shige shi, mu kuma abin da muke tsaro kawai shi ne kada wuta ta ɗauke janareto ya ƙi tashi kakin ya daskare a tsakiyar aiki. Da safe ake zuba kowane gutsure cikin ƙaramin mazubi a bar shi ya sandare ya zama ɗan bulo. Yanka ne ya fi cin hannu. Ana so kowane falle ya zama kaurin maikuron 4, wato kashi 4 cikin 1,000 na milimita, kuma a yanayinmu kakin yakan yi laushi ya dinga murɗewa a bakin wuƙa, don haka bulon yana kan ƙanƙara har lokacin da za a ɗora shi a inji. Ina kashe fanka, in juya hannun injin a hankali, fallayen su fito a jere manne da juna, in ɗaga su da ɗan burushi ina riƙe numfashi, domin huci kaɗan ya isa ya tashi da su. Ana shimfiɗa su a kan ruwan ɗumi su miƙe, sannan a zura gilashi ta ƙarƙashi a kwaso su. Mun kuma lura cewa fallen da aka yanka aka ajiye makonni a cikin laimar damina rininsa yakan dushe, saboda haka sai ranar rini ta matso muke yanka.

Fomalin da ya ceci naman shi ne kuma ke ɗaure furotin ɗin da juna har ya ɓoye wurin da ake nema. A 1991 Shan-Rong Shi da abokan aikinsa suka nuna cewa tafasa fallen a cikin ruwa yana kwance wannan ɗauri, mu kuma tukunyar firesha irin wadda ake sayarwa a kasuwar Balogun muke amfani da ita, da ruwan gishirin sitiret ko na EDTA gwargwadon abin da kowane rini ya fi so. Bayan an narkar da kakin an tafasa an huce, sai a ɗiga sinadarin garkuwa, wanda aka ƙera shi ya kama furotin ɗaya tak. Wannan sinadari daga waje ake shigo da shi a cikin 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba, da dala ake sayensa, kuma dole ya zauna a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, shi ya sa kowane ɗigo da lissafi ake yinsa. Ana jera gilasan a cikin akwati mai laima a rufe, domin idan falle ya bushe ko na minti kaɗan ne zai sha launi ko'ina ya zama ba shi karantuwa. Daga nan a wanke, a ɗiga sinadari na biyu mai kama na farko, sannan a zo da DAB, wanda ke barin launin ruwan ƙasa a duk inda sinadarin garkuwa ya liƙe, a ƙarshe a tsoma cikin shuɗi don sauran cibiyoyin su fito. Kowane zagaye yana tafiya da gilashi ɗaya da ba a ɗiga wa sinadarin garkuwa ba, wanda ya kamata ya fito babu ruwan ƙasa ko kaɗan a cibiyoyinsa.

Gilashin fata mai rinin p63 shi na fara ɗorawa a ƙarƙashin maikiroskof, kuma a kansa na fi daɗewa. A can ƙasan saman fata, inda ya haɗu da naman da ke ƙarƙashinsa, cibiyoyin ƙwayoyin suna jere da ruwan ƙasa mai duhu, ɗaya na bin ɗaya. A layuka na sama launin yana raguwa, har a kai inda cibiyoyin suke shuɗi zalla, sannan a kai saman da babu cibiya ko ɗaya sai matattun ɓawo. Wannan raguwa ita ce tarihin rayuwar ƙwayar fata. A ƙasa, p63 yana riƙe da saƙonnin da ke sa ƙwaya ta ci gaba da rabuwa ta kuma manne da shimfiɗarta, tana haɗa keratin, furotin ɗin da ke ba fata ƙarfi, mai lamba 5 da mai lamba 14. Idan ta saki ƙasa ta fara hawa, p63 yakan ja baya, ta koma haɗa keratin mai lamba 1 da 10, can sama kuma wasu masu sarrafawa irin su KLF4 da GRHL3 su buɗe saƙonnin gina katangar da ke hana ruwa fita, daga nan ƙwayar ta rushe cibiyarta ta mutu. Tafiyar daga ƙasa zuwa sama tana ɗaukar wata guda ko fiye. Haka kuma launin ya zagaye saiwar gashi da jakunkunan maiƙo da bangon jakunkunan gumi, wato duk rassan da suka tsiro daga shimfiɗar waje.

Hujjar cewa p63 ne ke tsaye a kan wannan aiki ta fito a 1999, lokacin da ɗakunan bincike biyu a Amurka, na Allan Bradley da na Frank McKeon, suka samar da ɓerayen da aka cire wa saƙon gadonsa. An haife su babu fata mai hawa-hawa, babu gashi, babu haƙori, babu tushen mama, gaɓoɓinsu a guntule, kuma suka mutu jim kaɗan bayan haihuwa saboda ruwan jikinsu ya ƙafe. A shekarar ce kuma aka gano cewa tawaya a kwafi ɗaya na wannan saƙo, wanda ke kan kuromosom na 3, ita ce ke haddasa wata larura a mutane mai haɗa tsagewar tafin hannu da ƙafa, da tsagewar leɓe, da ƙarancin gashi da haƙori, wasu iyalan kuma har da rashin girman mama ko rashin kan nono.

Akwai wata matsala ta fatarmu wadda takardar da ke zuwa da sinadarin ba ta cika damuwa da ita ba. Baƙar fata cike take da melanin, shi ma a ƙarƙashin madubi ruwan ƙasa ne, kuma a layin ƙasa yake taruwa, daidai inda p63 yake. Gilashin da ba a ɗiga wa sinadarin garkuwa ba ya nuna mini bambancin sarai: melanin ɗigo-ɗigo ne masu tsakuwa, suna zaune a wajen cibiya, sukan taru a samanta ta gefen da rana ke bugowa, rinin gaskiya kuwa sumul yake kuma ya cika cibiyar daga baki zuwa baki. Inda ruɗanin ya yi yawa ana iya komawa ga rini ja maimakon DAB. Shi ma wannan baƙin aikin wani mai sarrafawa ne da ake kira MITF, wanda ke buɗe saƙonnin haɗa melanin a cikin ƙwayoyin launi. Yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a fatar Bature da ta Bahaushe, bambancin yana cikin yawan melanin da suke haɗawa da yadda suke rarraba shi.

A gilashin mama lafiyayye, p63 ya fito da wata siffa dabam. Kowane bututu zobe biyu ne. Zoben waje ƙwayoyi ne sirara masu iya matsewa, waɗanda ke tunkuɗo nono idan jariri ya kama, kuma cibiyoyinsu ne kaɗai suka ɗauki p63, ɗigo nan ɗigo can kewaye da bututun. Zoben ciki, mai fuskantar ramin bututun, bai ɗauki p63 ba ko kaɗan, amma da na sauya zuwa gilashin GATA3 sai lamarin ya juye, cibiyoyin ciki suka yi ruwan ƙasa, na waje suka tsaya shuɗi. Ƙwayoyi biyu maƙwabtan juna, tushensu ɗaya, kowace da mai sarrafa ta. Binciken ɗakin Zena Werb a 2006 da na Jane Visvader a Ostareliya a 2007 sun nuna cewa idan aka cire GATA3 daga maman ɓera, ƙwayoyin ciki ba sa iya kammala girma, bututun kuma ba ya miƙewa yadda ya kamata. Tun kafin wannan mataki ma akwai masu aikin aza harsashi. Ɓeran da ba shi da LEF1 ba ya samun mama da haƙori da cikakken gashi, kamar yadda aka nuna a 1994, a 1997 kuma aka danganta tawayar TBX3 da wata larurar gado mai haɗa naƙasar ƙashin hannu na gefen ƙaramin yatsa da rashin girman mama.

Mama ya sha bamban da yawancin sassan jiki domin mafi yawan gininsa bayan an haifi mutum ake yi, kuma kowane zango da mai sarrafa shi. A lokacin balaga istirojin yakan shiga ƙwaya ya kama ER, shi kuma ER ya liƙe wa DNA ya buɗe saƙonnin da ke sa bututun ya yi tsawo ya yi rassa a cikin kitse. Ba ya iya wannan shi kaɗai, domin DNA a naɗe yake tam a jikin wasu furotin, sai wani mai sarrafawa da ake kira FOXA1 ya riga shi zuwa ya sassauta naɗin, GATA3 kuma ya tsaya tare da su. A gilashin mama lafiyayye kaɗan ne daga ƙwayoyin ciki suka ɗauki ER, a warwatse, su ne ke karɓar saƙon su isar wa maƙwabtansu. Idan mace ta samu ciki, mai karɓar furojestaron, sinadarin da ke riƙe ciki, da wasu masu sarrafawa biyu, ELF5 da STAT5, suke karɓar aiki, su gina 'yan jakunkunan da nono zai taru. Sinadarin furolaktin daga ƙasan ƙwaƙwalwa yakan taɓa bangon ƙwaya, a ɗora wa STAT5 alama, ya bar inda yake ya shiga cibiya ya buɗe saƙon furotin ɗin madara. Idan aka yaye yaro nono ya taru babu mai sha, ɗan'uwansa STAT3 ne ke buɗe saƙonnin rushe jakunkunan, maman ya koma kusan yadda yake, har sai wani cikin ya zo a sake ginawa.

Da likita ya amince da gilasan gwaji, muka shiga naman marasa lafiya, na matar dattijon nan yana cikin zagayen farko. A bakin ƙarin akwai wasu bututu cike da ƙwayoyin cuta amma zoben p63 yana nan kewaye da su, alamar cewa a wurin cutar ba ta fasa bango ba. Kaɗan gaba sai ga gungun ƙwayoyi suna ratsa kitse babu zobe ko ɗaya, kuma rashin wannan zobe yana cikin abin da likita ke dogara da shi ya ce sankara ta fara yaɗuwa cikin nama. GATA3 ya kama cibiyoyinsu da ƙarfi, wanda ya dace da cewa daga zoben ciki suka samo asali, da yake mafi yawan sankarar mama daga can take fitowa. Gilashin ER ne ya fi koyar da ni. A gutsuren da aka ɗauko daga gefe, inda fomalin ya fara isa, cibiyoyin ƙarin kusan duka ruwan ƙasa ne. A gutsuren tsakiya kuwa launin yana dushewa yayin da ake nisa da baki, har ya ɓace, cibiyoyin kansu suka zama dishi-dishi. Ƙari ɗaya ne, mace ɗaya ce, amma da daga tsakiya kaɗai aka ɗauko, da an rubuta cewa ba ta da ER. Shi ya sa likita ba ya sa hannu a kan sakamakon "babu" sai ya nemo lafiyayyen bututu a cikin gilashin ya ga ƙwayoyinsa sun ɗauki launi, domin idan su ma ba su ɗauka ba, laifin na naman ne ko na rinin.

Wannan bambanci yana da nauyi saboda magani a kansa ya rataya. Tun 1896 George Beatson ya lura a Glasgow cewa cire mahaifar ƙwai, wadda ke samar da istirojin, yana sa sankarar mama ta ja baya a wasu mata, a 1958 kuma Elwood Jensen ya gano mai karɓar istirojin, wanda ya bayyana dalili. Maganin tamoksifen, ƙwaya ɗaya a rana tsawon shekara 5 zuwa 10, yana zama a gurbin istirojin a jikin ER ya hana shi buɗe saƙonnin rabuwa a ƙwayar mama, kuma yana cikin magungunan sankara mafi araha. Ƙa'ida ta ce idan kashi 1 cikin 100 na cibiyoyin ƙarin suka ɗauki launi, ana ƙirga shi mai ER. A Najeriya an daɗe ana muhawara kan yawan masu sankarar mama da ƙarinsu ke da ER. Binciken Farfesa Clement Adebamowo da abokan aikinsa na 2008 ya samu kimanin kashi 65 cikin 100, na Dezheng Huo da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago na 2009, a kan nama daga Najeriya da Senegal, ya samu kimanin kashi 24. Wani nazari na 2014 da ya tattara bincike-binciken Afirka ya lura cewa naman da aka tara da kulawa domin bincike ya fi nuna ER a kan tsohon naman da aka ɗauko daga ma'ajiya. A ganina ɓangarorin biyu kowanne yana da gaskiyarsa, domin binciken DNA ya nuna cewa nau'in sankara mai zafi ya yawaita a matanmu, amma wanda ya ga abin da bokiti guda ya yi wa gilashi ba zai yarda da kowane sakamakon "babu" ido rufe ba.

Ya kamata kuma a san iyakar abin da rini ke faɗa. Ruwan ƙasa a cibiya yana nuna furotin ɗin yana nan, ba ya nuna a kan wane saƙo yake zaune ko yana aiki daidai. GATA3 yana cikin saƙonni uku da babban binciken Amurka na 2012 ya samu tawayarsu a fiye da kashi 10 cikin 100 na sankarar mama, tare da TP53 da PIK3CA, kuma furotin mai tawaya yana iya ɗaukar launi kamar lafiyayye. Sanin inda yake liƙewa yana buƙatar a daskarar da shi a jikin DNA, a farfasa DNA ɗin, a kamo gutsattsarin da yake riƙe da su a karanta haruffansu, aikin da ya fi ƙarfin kayan ɗakinmu. Haka kuma GATA3 ba na mama ne kaɗai ba, yana cikin bangon mafitsara da saiwar gashi da wasu fararen ƙwayoyin jini, har ma nakan ga cibiyoyinsu ƙanana da launi mara ƙarfi a gefen ƙari, don haka likita ba ya yanke hukunci da shi shi kaɗai.

Ranar da dattijon ya dawo karɓar takarda ya tambaye ni, "Ɗana, alheri ne?" Na ce masa, "Baba, bayanin na likita ne, ni hannu ne kawai a aikin, amma ka tabbata ka kai masa wannan shafi na biyu, domin a kansa zai zaɓi maganin da zai ɗora Hajiya." Bayan wannan zagaye shugabar sashen ta sa aka sake fom ɗin karɓar nama, aka ƙara gurabe biyu, ɗaya na lokacin da aka cire naman, ɗaya na lokacin da ya shiga fomalin, muka kuma fara ba asibitocin da ke yawan aiko mana da aiki manyan bokitai masu faɗin baki da fomalin da muka haɗa da kanmu, tare da roƙon likitan tiyata ya tsaga naman kafin ya rufe. Inda aka riga aka ɗauki ɗan gutsure da allura kafin tiyata, shi muke fara nema a rina, domin siririn nama nan da nan fomalin yake ratsa shi. Duk kwalbar da ta zo babu waɗannan lokuta biyu, idan ER ya fito babu kuma ba a samu lafiyayyen bututu mai launi a gilashin ba, ana rubuta wa likitan da ya aiko cewa sakamakon ba abin dogaro ba ne, a nemi wani bulon ko wani gutsuren a sake rinawa.